Neman Sulen Moffat

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Bismillahi. Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da na saya, da abin da na kashe, da inda na yi tuntuɓe. Baba ya shekara fiye da arba'in yana sayar da gwal a Kano, ban taɓa ganin ya ja ƙofar shago bai rubuta cinikin ranar ba. Ni ban gaji sana'ar ba. Karatu ya kawo ni Amurka, yau shekarata tara a Sakaramento ta jihar Kalifoniya ina aikin dare a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Amma wanda ya tashi yana riƙe wa ubansa sikeli, ko ya yi nisa, ba ya ganin zinariya ya wuce bai waiwaya ba.

Abin da na sa a gaba shi ne sulallan zinariya da 'yan kasuwa suka buga da kansu a zamanin rububin zinariyar Kalifoniya. Ba kuɗin gwamnati ba ne. Daga 1849 mutane suka yi ta kwararowa nan daga ko'ina cikin duniya. Zinariya ga ta a rafi, amma babu kuɗin da za a yi ciniki da shi. Gidajen buga kuɗin gwamnati duk suna can gabas, kafin a kai garin zinariya Filadelfiya ta ruwa a dawo da sule an kwashe watanni. Sai aka koma ciniki da garin zinariyar kansa, a auna a sikeli, ko mai shago ya sa yatsa biyu ya tsunkuno daga jakarka a ce dala ɗaya ke nan. Duk wanda ya san kasuwa ya san rigimar da ke cikin wannan. Kwastan kuma sule take so a biya ta da shi. Nan masu gwajin zinariya da maƙeran kayan ado suka ga ƙofa, suka shiga narkar da gari suna buga sule, kowa da sunansa a jiki.

Burina ɗaya ne: sulen dala 5 na kamfanin Moffat, bugun 1849, wanda 'yan kasuwar San Faransisko suka fi yarda da shi a lokacin. Kafin in kai gare shi zan fara da ƙanana don in koyi kallo.

Kuɗi: dala 150 kowane wata daga albashina, sai adashin da muke yi mu takwas, dala 300 kowa, kwasata a Afrilu. Uwargida ta yarda bisa sharaɗi guda, kada a taɓa abin da ake aikawa gida. Na ɗauki alkawari.

Yau na sayi ƙaramin sikeli mai auna har ɗaya bisa dubu na giram, dala 24. Gilashin ƙara girma mai ninki goma, 15. Hantsaki mai bakin roba, 6. Jimla 45.

Asabar, 13 ga Janairu

Na kai iyali Coloma, tafiyar kamar awa ɗaya a mota, ka bar fili ka fara hawa tuddai. A nan ne James Marshall, kafinta mai gina wa John Sutter injin tsaga katako, ya hango ƙyalli a magudanar ruwan injin ranar 24 ga Janairu, 1848. An sake gina injin kamar yadda yake a da, kusa da kogin. Akwai sanyi sosai, ruwan yana gudu da ƙarfi, yaran suka tsuguna a baki da kasko suna juya yashi har yatsunsu suka sandare. Ƙaramar ta samu wani ɗan ƙyalli da bai kai ƙwayar gero ba, ta ƙi yarda a taɓa mata.

A kan tudu akwai mutum-mutumin Marshall yana nuna wurin da yatsa. Shi kansa bai tsira da komai ba, a talauce ya mutu a 1885. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayanin da na karanta a kan mutanen Nisenan, 'yan asalin kwarin, waɗanda cikin 'yan shekaru aka raba su da ƙasarsu, kisa da cuta suka kusa ƙarar da su. Sai na tuna da yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 a ƙauyukan haƙar zinariya. Ina son sulallan nan, amma ba na so in manta daga inda ƙarfensu ya fito. Na rubuta a nan don ya zauna.

Ban sa kuɗin mai da na abinci a lissafi ba, fita ce ta iyali.

Asabar, 20 ga Janairu

Na ga wasu ƙananan sulalla guda biyu a wata kasuwar intanet, an rubuta zinariyar Kalifoniya, 1852 da 1853. Ɗaya zagayayye, ɗaya mai kusurwa takwas. Dala 95 duka biyun har da kuɗin aikowa. Na san ƙananan irin waɗannan suna kai ɗari biyu zuwa uku kowanne, don haka na ɗauka mai su bai san darajarsu ba. Na biya kafin wani ya riga ni.

Laraba, 24 ga Janairu

Yau shekara 176 da tsintuwar Marshall. Kaya bai iso ba.

Talata, 30 ga Janairu

Sun iso ranar Asabar. Suna da kyau a ido, suna sheƙi. A gaba kan mace da taurari kewaye, a baya kalmomin CALIFORNIA GOLD, da lambar 1/2, da hoton beyar, dabbar nan da ke kan tutar jihar. Na kwana uku ina fito da su ina kallo.

Yau da yamma kafin in shiga aiki na je taron ƙungiyar masu tara sulalla da ake yi a wani ɗakin taro na unguwa. Na biya 15 na zama mamba. Yawancinsu dattawa ne. Na miƙa wa wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da aka ce shi ne masanin na Kalifoniya. Bai ko ɗauko gilashi ba. Ya juya bayan, ya ga beyar, ya ajiye a hankali ya ce in zauna.

Ya ce in nemo masa kalmar da ke nuna kuɗi a jiki. Na duba, babu. Rabi aka rubuta, amma rabin me? Ya ce na gaske dole ka ga DOLLAR, ko DOL., ko CENTS. In ka ga beyar a baya kuma babu sunan kuɗi, tsaraba ce da aka yi ta bugawa ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido shekaru da yawa bayan rububin, a sa tsohuwar shekara a jiki. Yawancinsu tagulla ce aka yi wa ruwan gwal. Masu yin su da gangan suke barin kalmar dala don kada hukuma ta kama su da laifin buga kuɗi.

Na ji abin har cikin ƙashina. Ba kuɗin ba ne kaɗai. Ɗan mai gwal ne ni, kuma arha ta ruɗe ni, abin da Baba ya fi gargaɗin mu a kai tun muna yara.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Na sayi dutsen gwaji da 'yan kwalaben asid, 19. Na kira Baba ta bidiyo, na kafa wayar a kan teburin kicin. Ya ce, "Goga gefen, ka danna, kada ka ji tausayinsa. Sai ka wuce ruwan saman." Na goga, layin farko ya fito rawaya, na biyu ya fara ja. Na ɗiga asid a inda na kankare a jikin sulen. Nan take ya yi kore yana 'yar tafasa.

Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗan nan, kuɗin makaranta ka biya. Ajiye su, kada ka yar. Duk ranar da za ka saya ka fara duba su."

Na koma na karanta tallar da kyau. Can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa kayan tunawa ne, kuma ba a mayarwa. 95 ta tafi. Na sa su a ambulan na rubuta JABU a baya.

Juma'a, 2 ga Fabrairu

Bayan an sauko daga masallaci na tsayar da Malam. Akwai abin da ke damuna tun ranar da na biya kuɗin nan kaya bai zo ba sai bayan mako.

Na ce, "Allah gafarta Malam, sayen zinariya ta intanet fa, a biya yau a karɓa jibi?"

Ya kawo mini hadisin Ubada ɗan Samit da ke cikin Muslim, na abubuwa shida, zinariya da azurfa na cikinsu, inda aka ce hannu da hannu. Ya ce mafi yawan malaman zamani suna ɗaukar kuɗin takarda a matsayin su, don haka ka biya ka karɓa a zama guda. Ya ce akwai maganganu a kan kati da wakili, amma tunda ba larura ce ta kai ni ba, in ɗauki abin da zuciya ta fi natsuwa da shi. Ya tambaye ni ko sawa zan yi a jiki, na ce a'a, ajiya ce. Ya ce to in riƙa lissafin nauyi saboda zakka, ko da yake da sauran tafiya kafin nisabi.

Na yanke: daga yau ba na sayen abin da ban riƙe a hannuna ba. Wannan zai rage mini zaɓi ƙwarai, domin yawancin masu kyau a gwanjon intanet suke fitowa. Na yarda da hakan.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Dattijon ya sayar mini da tsohon kwafinsa na littafin Breen da Gillio, 45. Shi ne wanda kowa ke aiki da shi a kan ƙananan sulallan nan, kowane iri da lambarsa mai farawa da BG. Kwata ne, da rabi, da dala ɗaya, wasu zagayayyu wasu masu kusurwa takwas.

Abin da na fahimta: an raba su zamani-zamani. Na farko daga 1852 zuwa wajen 1856, lokacin da ake tsananin ƙarancin canji a San Faransisko, kuma waɗannan ne ake ganin sun shiga hannun mutane a kasuwa. Maƙeran ado ne suka yi su, da yawansu Faransawa, irin su Nouizillet, da Frontier da abokinsa Deviercy masu sa haruffan FD. Na biyu ya kai har 1882, su kuma yawanci don ado da tsaraba aka yi su, zinariyarsu ba ta da yawa, duk da dokar 1864 ta riga ta hana kowa buga kuɗi in ba gwamnati ba. Ni na farkon nake so. Wanda aka taɓa sayen burodi da shi.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Aiki ya yi yawa. Karatu kawai, da kallon hotuna ina gwada gane iri kafin in duba lamba.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Bajekolin sulalla na yini ɗaya, tebura wajen hamsin. Na tashi daga aiki da asuba, na yi salla, na ɗan runtsa, na tafi.

Kafin in zo kan abin da na saya, ga abin da na riƙe. Wani dillali yana da babban sulen dala 50 na Augustus Humbert, bugun 1851, a cikin gidan roba. Na daɗe a tsaye ina kallo, har ya buɗe akwatin gilashin ya miƙo mini. Nauyin ne ya fara ba ni mamaki, hannuna ya ɗan yi ƙasa. Giram 85 da ɗoriya, lambar da muka sani a lissafin nisabi, sai dai shi ba tsantsa ba ne, kuma bai ɓoye ba: a saman mikiyar an rubuta 887 THOUS., wato kashi 887 cikin dubu. Zinariyar Kalifoniya da azurfarta take fitowa daga ƙasa, kuma a lokacin asid ɗin raba su yana da wuyar samu a San Faransisko, sai su buga ta yadda take su faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Kusurwa takwas ne, biyu daga ciki sun lotsa, alamar ya sha faɗuwa a kan kanta. Bayansa babu hoto, sai zane mai zagaye-zagaye kamar murfin agogon aljihu, kuma ba mamaki, don Humbert sana'arsa ke nan a Niyok kafin gwamnati ta naɗa shi mai gwajin zinariya ta turo shi. Kuɗinsa ya fi albashina na rabin shekara. Na mayar da hannu biyu na yi godiya.

Abin da na saya: kwatar dala, 1856, mai kusurwa takwas. Kan mace a gaba, a baya 1/4 DOLLAR da shekarar. Dattijon yana wurin, ya duba da gilashi, ya buɗe littafi, ya gyaɗa kai. Mai shi ya ce 325, muka tsaya a 285. Na ƙirga masa a hannu, ya ba ni a hannu.

Bai kai farcen ƙaramin yatsa faɗi ba, sirinsa kamar ɓawon gyaɗa. A sikeli bai cika ɗaya bisa uku na giram ba. Dalar gwamnati ta zinariya giram 1.67 ce, kwatarta ya kamata ta kai 0.42, ke nan tun ranar da aka buga shi bai cika ba. Mutane sun karɓa ne don babu wani canjin.

Jimla zuwa yau 504. Na cinye kuɗin Maris tun bai zo ba, har na taɓa na Afrilu.

Asabar, 2 ga Maris

Na yi ɓarna, kuma da hannuna.

Sulen yana da wani duhu-duhu mai ja a kewayen taurarin. Da na nuna wa Baba ta waya ya ce datti ne, gwal ba ya son a bar shi haka, in sa ruwan ɗumi da sabulu in bi da ƙyalle mai laushi. Haka ya yi wa sarƙoƙi da awarwaro shekara arba'in, kuma a sana'arsa daidai ne, mace ba ta sayen abin da ba ya ƙyalli. Na san masu tara sulalla suna cewa kada a goge. Na karanta, dattijon ma ya faɗa mini. Amma na ce a raina ai ɗan shafawa ne. Na ɗauko ƙyallen goge gwal na uwargida, na ɗora sulen a kan yatsa, na murza kamar sau biyar.

Ya yi haske. Na ji daɗi na minti ɗaya. Da na sa gilashi na karkata shi ƙarƙashin fitila, sai ga siraran layuka duk sun bi gefe guda a kan kumatun matar da filin da ke gabanta, kamar an ja tsintsiya a kan rairayi. Duhun nan da ya ɗauki shekara 168 yana zama ya tafi. Babu yadda za a mayar da shi.

Ban gaya wa Baba ba. Shi abin da ya sani ya faɗa, ni ne na san ɗayan ɓangaren na ƙi aiki da shi.

Talata, 5 ga Maris

Dattijon ya duba ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce kusan rabin kuɗinsa ya tafi, amma har yanzu na gaske ne, kuma har yanzu 1856 ne. Ya ba ni shawara in aika a tantance duk da haka, don in koyi yadda ake cika takarda kafin babban ya zo. Kamfanoni biyu ne aka fi yarda da su, PCGS da NGC, suna ba da maki daga 1 zuwa 70 su rufe sulen a gidan roba. Zan aika wa ɗaya ta hannun wani dillali. 68 har da inshora.

Litinin, 11 ga Maris

An ɗauki azumi. Babu saye a watan nan. Na karɓi ƙarin dare biyu a wurin aiki, zai kawo kamar 380.

Asabar, 23 ga Maris

Tsakanin ƙarfe biyu da sahur aiki yakan lafa, a nan nake karatu. Makon nan a kan Baldwin na tsaya, kuma ya sa na ƙara gane abin da nake nema a wurin Moffat.

Baldwin maƙerin ado ne a San Faransisko, kuma a farkon 1851 yana cikin waɗanda suka fi kowa buga sule. Na dala 10 da ya yi a 1850, mai hoton mahayin doki da igiyar zarge, har yau ana cewa yana cikin mafi kyau. A Maris 1851 wani mai banki, James King of William, ya kwashi sulallan kamfanoni ya kai wa Humbert ya gwada, ya kuma ba jaridu sakamakon. Na dala 20 na Baldwin aka samu zinariyar dala 19.40 a ciki. Santi 60 ke nan, kashi 3 cikin ɗari. Cikin kwanaki gari ya juya masa baya. Masu shaguna suka ƙi karɓa sai da ragin da ya ninka giɓin sau da yawa, masu kuɗi suka saye da arha suka kai aka narkar. A Afrilu Baldwin ya hau jirgin ruwa ya bar gari. Shi ya sa yau sulallansa suke da wuyar gani.

Ni a ganina hukuncin ya fi laifin, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne mai haƙa da aka biya shi da su jiya, yau aka ce ba su cika ba. Na faɗa wa Baba haka. Bai yarda ba ko kaɗan. Ya ce, "Wanda ya rubuta ashirin ya ba da sha tara da wani abu, ya tauye mudu. Ba a tambayar nawa ya tauye."

John Little Moffat kuwa ya haura sittin da ya zo, ya riga ya san aikin gwaji tun daga Niyok da wuraren haƙa na Jojiya. Ya fara da 'yan sanduna masu tambarin dala 16, sannan sulallan 5 da 10. Da guguwar nan ta kwashe sauran, nasa suka ci gaba da yawo a kan ƙimarsu. Kamfaninsa ne gwamnati ta ba kwangilar ofishin gwaji inda Humbert ya buga manyan nan, kuma ginin abokan aikinsa ne ya zama gidan buga kuɗin gwamnati na San Faransisko da aka buɗe a Afrilu 1854.

Asabar, 30 ga Maris

Zinariya ta haura dala 2,200 kowace oza. A Janairu dubu biyu ce da 'yan kai. Ina tsoron dillalai su bi ta.

Asabar, 6 ga Afrilu

Kwatar ta dawo a gidan robarta. Sun rubuta lambar BG, sun tabbatar ta gaske ce, ta zamanin farko. Babu maki. A wurinsa kalma ɗaya ce mai nufin an goge. Na san za ta zo, amma ganinta a rubuce daban ne.

Laraba, 10 ga Afrilu

Salla. Allah ya maimaita mana.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na kwashi adashi. Mutum ɗaya ya nemi a ɗaga masa zuwa Alhamis saboda hidimar salla, na ce babu komai. In ya cika: 2,400, da 380 na ƙarin aiki, da 28 da ta rage. 2,808.

Asabar, 20 ga Afrilu

Dattijon ya haɗa ni da wani dillali a wajen Oakland mai Moffat guda ɗaya da ba a tantance ba. Mun tafi tare a motata. Muka bi ta Benicia, ya nuna mini gari ya ce a nan Norris, Gregg da Norris suka buga sulen farko a Mayu 1849, ko da yake San Faransisko suka rubuta a jiki.

Dillalin ya shimfiɗa ƙyalle ya ajiye guda biyu, ba ɗaya ba. Na biyun dala ɗaya ce ta Bechtler, daga rububin da ya riga na nan, a Karolina ta Arewa. Christopher Bechtler Bajamushe ne da ya fara bugu a Rutherfordton a 1831, kuma gidansu ya riga gwamnatin Amurka buga dalar zinariya da shekaru da dama. Wannan ta ɗansa August ce. Babu hoton komai a jiki, sai suna, da 27 G. da 21 C., wato nauyi da karat. Na san da Baba ne a wurin ita zai ɗauka, don yaren shagonsa ne aka rubuta. Tana da tsabta, an tantance ta, kuɗinta kusan ɗaya da ɗayan. Dattijon ma ya ce in don ajiyar kuɗi ne ita ta fi. Na daɗe ina juya ta.

Moffat ɗin ya sha hannu. Gashin matar ya shafe a sama, fikafikan mikiya sun yi sumul. A gefe, daidai saman kai, akwai tabo inda aka taɓa liƙa masa zobe aka rataya a sarƙa, daga baya aka cire aka goge wurin. Launinsa bai kai na gwamnati ja ba, yana da ɗan fari-fari na azurfa. Amma da na sa gilashi a kan kambun da ke goshinta, inda sulen gwamnati ke da kalmar LIBERTY, sai ga MOFFAT & CO. ana karantawa harafi bayan harafi. A baya S.M.V. CALIFORNIA GOLD, alkawarin cewa ƙimarsa daidai take da ta gidan bugun gwamnati. 1849 kuma a gaba, ƙarƙashin kan matar.

Na fito da sikelina. Giram 8.24. Na nemi kofin ruwa na ɗora a kan sikelin, na ɗaure sulen da zare na zura ba tare da ya taɓa ƙasa ba, ya nuna 0.47. In ka raba nauyinsa da wannan, 17.5, lambar da ke bambanta ƙarfe da ƙarfe. Tagulla ba ta kai tara, tsantsar zinariya 19.3, wannan ya faɗa daidai inda zinariya mai 'yar azurfa take faɗawa. Dillalin ya ce bai taɓa ganin mai saye ya zo da zare ba.

Ya ce 2,900. Na nuna tabon, na ce 2,500. Muka yi ta ja har 2,650, ya rubuta a rasit cewa in aka tantance aka ce ba na gaske ba ne zai mayar da kuɗi duka. Na riga na tambayi Malam a kan wannan, ya ce mayar da kaya saboda aibi ne, babu laifi. Na ƙirga, na karɓa.

Da dare na kira Baba. Ya tambayi nauyi da karat, ya yi lissafi a ka kamar yadda ya saba, zinariya ta haura 2,300 yanzu. Ya ce, "Gwal ɗin da ke ciki bai kai ɗari shida ba. Sauran dubu biyun na mene ne?"

Na ce, "Na sunan ne, Baba, da shekarun."

Ya ce, "To. Allah ya sa albarka. Ni dai ban taɓa sayar da suna a sikeli ba." Sai kuma ya ce in matso da shi kusa da waya, in karkata, yana so ya ga rubutun.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na aika a tantance, 95 da inshora. Ban taɓa shi da komai ba, ko numfashi ban yi a kansa ba. Uwargida ta ce, "Abbansu, ƙyallena yana ɗakina, kada ka nema." Saura 63 a asusun.

Asabar, 4 ga Mayu

Shiru. Ina duba lambar sau biyu a rana.

Asabar, 18 ga Mayu

Ya dawo jiya. Na gaske ne, Moffat, dala 5, 1849. Babu maki saboda tabon zoben, sun rubuta hakan, kuma wannan na sani tun kafin in biya. Na kira dattijon kafin in cire takalmi. Na aika wa Baba hoto, ya tura wa abokansa na layin masu gwal, tun safe suke aiko tambaya, yawancinta a kan karat.

Jimlar abin da na kashe daga 6 ga Janairu: 3,317. A akwati akwai kwata ɗaya gogaggiya, Moffat ɗaya mai tabo, da ambulan na jabu biyu. Nauyin zinariyar duka bai kai giram 9 ba, na rubuta a bayan littafi saboda maganar Malam.

Saura zubi huɗu a adashi, Mayu zuwa Agusta, don haka babu saye sai Satumba. Litinin zan je banki in tambayi kuɗin hayar akwatin ajiya, don ba na son barin su a gida ina aikin dare. Na kuma kira dillalin Oakland na tambaye shi ko Bechtler ɗin tana nan. Ya ce tana nan, amma ba zai iya riƙe mini ita fiye da ƙarshen Yuni ba.